Amsa: Na'urar hango kifi don nutso a kogin Isa

Malam, ka tambaya wace na'urar hango kifi za ta nuna maka duwatsu da kwale-kwalen da suka nutse kafin ka shiga ruwa da tukunyar iskar shaƙa a nan Yamai.

Kada ka ɓata kuɗinka kan mai kallon ƙasa kawai, wato wadda ke aika sauti ƙarƙashin jirgi kaɗai don ta nuna abin da ke cikin ruwa. Kogin nan ba zurfi ne da shi ba, don haka sautin da take aikawa ɗan wuri kaɗan yake rufewa, sai ka ratsa gefen dutse ba ka sani ba. Nemi mai leƙen gefe, wadda ke aiki da 455 ko 800 kHz (ma'aunin sautin da take aikawa). Kamfanonin Humminbird da Garmin duk suna yin irinta. Ita ce ke zana inuwar abu dama da hagu. Ta kasance da GPS, domin a ruwan Agusta jajir ɗin nan ko tafin hannunka ba ka gani, sai dai ka jefa anga daidai inda ka sa alama, ka bi igiya. Batir 12V ya isa, amma a tuƙa jirgin a hankali, in ba haka ba hoton ya dagule.

Batun haɗarin dorina kuwa, wajen ƙauyen Boubon kusa da Yamai, sarkawa za ka tambaya.