Dalilin da ya sa bindigar da ka gani take da fiffike

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni game da hoton ɗan'uwanmu a filin koyon harbi, inda ka lura cewa mariƙin bindigarsa yana da wani faffaɗan abu kamar fiffiken kifi, har ka yi zaton ta lalace ne aka yi mata kwaskwarima. Lafiyarta ƙalau, dokar jihar Kalifoniya ce ta mayar da ita haka.

A gida ana jin cewa kowa a Amurka yana iya sayen bindiga yadda ya ga dama, saboda gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791. Amma kowace jiha tana da nata sharuɗɗan. Kalifoniya ta fara taƙaita bindigogi masu kama da na soja a 1989, bayan wani mutum ya harbe yara biyar a wata makarantar firamare a garin Stokton, sannan a 1999 aka daina dogara ga sunan bindiga kawai, aka koma duban sassan jikinta. Idan doguwar bindiga tana ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, kuma ana iya zare gidan harsashinta, to abu ɗaya daga cikin jerin da doka ta lissafa ya isa ya haramta ta: mariƙi irin na ƙaramar bindiga, ko gindi mai naɗewa, ko mariƙi na biyu a gaba, ko abin ɓoye walƙiya a bakinta.

Batun mariƙin ne ya fi ban mamaki, domin da tafin hannu ake auna shi. Idan fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni za ta iya sauka ƙasa da saman kunamar bindiga a lokacin harbi, mariƙin ya saɓa doka. Shi ya sa ake ɗaura wannan fiffike, ya tare babban yatsa, ya hana shi zagaye mariƙin. Na taɓa riƙe irinta a kanti, sai na ji kamar an ce in riƙe fartanya ba tare da na dunƙule hannu ba. A ganina harsashin da zai fita bai san da wani fiffike ba, amma ba ra'ayina alƙali zai tambaya ba.

Bakin bindigar kuma nan ne baƙo ya fi saurin faɗawa rami. Akwai ƙarfen da ke rage walƙiyar harbi, akwai kuma wanda ke rage tokarin da bindiga take yi wa kafaɗa, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Kalifoniya ta hana na farko a kan irin wannan bindiga, ta ƙyale na biyu, kuma idan kamfani ya tallata ƙarfensa da cewa yana ɓoye walƙiya, wannan kaɗai ya isa a lissafa shi cikin haramtattu. Jihar Niyok kuwa, a dokarta ta Janairun 2013, ta haɗa duka biyun ta hana, har da bakin da aka yi wa zare irin na noti don ɗaura su. A Teksas babu ruwan kowa da fiffike.

Game da yadda mutanenmu suke yi, yawancinmu ba mu da bindiga ko kaɗan. 'Yan kaɗan da suka mallaka, don farauta ko tsaron gida, al'adarsu ita ce su saya a kantin da ke da lasisi, su jira kwana 10 da jihar ta wajabta, kuma ba sa sauya ko da ƙusa ɗaya sai sun tambaya. Wanda zai ƙaura daga wata jiha yakan gyara bindigarsa ko ya sayar da ita tun kafin ya ɗaure kaya. Wannan taka-tsantsan yana da dalili: mai katin zama na dindindin da kotu ta kama da laifin bindiga yana iya rasa takardunsa a mayar da shi gida, ko da ya shekara 20 a nan da iyalinsa. Shi ya sa ɗan'uwan namu ya haƙura da fiffiken, duk da cewa shi ma yana ƙorafin yana gajiyar masa da hannu.