Tambaya da Amsa: Ina zaƙin waƙoƙin kaset ya tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Funtuwa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kwali guda na kasakasan waƙoƙin kalangu. Na je wurin masu turi aka zuba mini irinsu a memori, amma in na kunna a waya sai in ji kiɗan ya bushe, kamar ana buga gwangwani. Kunnena ne ya canza, ko cutata aka yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Kunnenka lafiya lau, shi ma mai turin yadda ya samu haka ya ba ka. Matsalar ta faro ne daga yadda ake matse waƙa don rage mata nauyi.

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, minti ɗaya na waƙa a kansa yana cin kusan megabait 10. Nauyin ya yi wa intanet na wancan lokaci yawa. Sai masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka ɓullo da wani tsarin matse sauti, MP3, sunan da aka raɗa masa a 1995. Dabararsu daga halin kunne suka ɗauko ta. Kai da kake tela ka sani, in keken ɗinki na gudu ba ka jin motsin agogon bango, alhali bai tsaya ba. To, MP3 yana zubar da duk sautin da ya ga wani ya danne shi, sai minti ɗayan nan ya dawo kusan megabait 1.

In sau ɗaya aka yi wannan ragi, kuma aka yi shi da kyau, yawancinmu ba za mu gane ba. Inda gizo ke saƙar shi ne maimaitawa. Waƙar da ke wayarka wataƙila daga tsohon kaset aka naɗe ta, aka ɗora ta a YouTube, wani ya ciro sautin, wani ya ƙara matse ta don memori ya ɗauki ɗaruruwa. Kamar yadi ne, kowa ya karɓa sai ya sa almakashi, kuma ƙyallen da ya faɗi ƙasa ba ya komawa jiki. Turawa ta Bluetooth ko Xender kuwa ba ta rage komai, ko sau dubu aka tura. Duba nauyin fayil ɗin: waƙar minti 10 da ba ta kai megabait 5 ba, ta sha matsa.

Sannan ga lasifikar waya, da ƙyar ta fi ƙwayar gyaɗa. Ina za ta iya fitar da amon ganga? Rikodar Baba tana da faɗin baki da akwatin da sauti ke kumbura a ciki. Sa abin ji na kunne mai kyau, za ka ji wani abu ya dawo.

Ba na son mu yi wa kaset yabon da ya wuce kima. Yana huci, rikoda tana cinye zare, mun sha juya shi da biro don tattalin batir. Amma ya koya mana zama. In ka danna, sai fuska ɗaya ta ƙare, kana ji makaɗa su ɗumama, mawaƙi ya shigo a tsanake, ’yan amshi su karɓa. Yanzu yatsa na kan gilashi. Spotify, dandalin sauraron waƙa a intanet, ba ya lissafa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, wannan na cikin abin da ya sa mawaƙan zamani ke afkawa cikin amshi tun daga farko. Ni kaina na kama kaina ina tsallake waƙar da a da nake zama in ji har ƙarshe, abin ya ba ni kunya.

Kwalin nan kada ka bar shi a ɗaki mai zafi ko kusa da lasifika, maganaɗisu yana goge zare. Nemi rikoda mai lafiya, ka goge kan nan nata da zare ke bi da auduga da sifirit, a haɗa ta da kwamfuta da kebul, a naɗe a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Daga wannan uwar kwafi sai a cirar maka MP3 mai lamba 320, wato wanda ba a matse sosai ba, na sawa a shago, uwar kuma ka adana ta wuri biyu.