Muryar da aka turo kan rubutun fuskar agogon Alhaji

Salamu alaikum jama'a. To Alhaji, na ga hoton tsohon Seiko 5 ɗin da ka turo, kana tambaya wai me ya sa SEIKO ɗin ya karkace, ɗan rubutun ƙasan nan kuma ya hau kan layukan minti, ko jabu ne. Ka ga abu biyu ne daban fa, kar mu haɗa su.

Shi SEIKO na sama da alamar 5 ɗin galibi ba tawada ba ce, ƙarfe ne aka dasa, yana da 'yan ƙafafu da suka shiga huji a jikin fuskar. Agogo in ya tsufa ko ya sha faɗuwa sai ƙafa ɗaya ta karye harafin ya juya, wani lokaci ma ya ɓalle gaba ɗaya yana yawo ƙarƙashin gilashi har ya tokare hannun sakan agogon ya tsaya. Wannan da sauƙi, mai gyara zai mayar, amma don Allah kar ka bari ya ɗiga masa sufa gulu, tururinsa na barin fari-fari a fuska, ba ya fita.

Na ƙasan nan shi ne ya dame ni. A kamfani, rubutun ana sassaƙa shi ne a farantin ƙarfe, sai wata roba mai laushi ta ɗauko tawadar ta danna a fuskar kamar hatimi, shi ya sa haruffan ke fitowa siri-siri, kai ɗaya. Naka kuwa sun yi kauri, wani ya hau wani ya sauka, kuma irin wannan an fi ganinsa a waɗanda aka sake wa fenti, musamman na Indiya da suka cika kasuwar intanet ta eBay, injin tsoho ne na gaske amma fuskar an goge an sake bugawa. Sa madubin mai gyara ka duba wajen ƙarfe shida, lambar injin tana nan, misali 7009, ita ce kuma ya kamata ka gani a murfin baya, in sun saɓa to an yi haɗe-haɗe.

E, kamfani ma yakan yi nasa kuskuren bugun. Akwai agogon Rolex Daytona 116520 da kalmar COSMOGRAPH da ke fuskarsa ta rabu, APH ya ɗan matsa gefe, akwai kuma Daytona 16520 na wajen 1988 da kalmar ta ware daga sauran layukan, masu tara agogo har ƙarin kuɗi suke biya a kansu. Amma waɗannan an san su, an buga da yawa iri ɗaya sak. In dillali ya ce maka naka kuskuren kamfani ne, ce masa ya nuno maka wani irinsa tukuna.

Turo min hoton murfin bayan, da na wajen shidan a cikin rana, kar ka kunna filasha, kuma kar ka biya kuɗi sai mun gani.