Sun kawo kuɗin sulhu, amma ƙanena bai dawo daidai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ɗan acaɓa ne, shekararsa 26. Wata biyu da suka wuce motar wani kamfani ta buge shi a wajen Kwangila, kansa ya daki kwalta, ya kwana uku bai san inda yake ba. An sallame shi, amma har yau bai koma yadda yake ba. Ga mantuwa, ga saurin fushi, ga ciwon kai, ko mashin ya kasa hawa. Masu motar sun biya kuɗin asibiti, yanzu sun kawo naira dubu 400 da takarda mu sa hannu cewa magana ta ƙare. Baffanmu ya ce ƙaddara ce, a karɓa a bar wa Allah. Yaya za mu yi? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, kada ku sa hannu a takardar nan tukuna. In kuka sa, da wuya kotu ta sake saurarenku ko da ciwon ya tsananta gobe.

Ciwon kai ba kamar karayar ƙafa ba ne, da za a ɗora a san ranar warkewa. Akwai jinin da kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai, sai bayan makonni ya nuna kansa. Akwai wanda farfaɗiya kan kama shi bayan watanni. Mantuwa da fushin nan da kika faɗa ba sabon hali ya ɗauko ba, alamun rauni a ƙwaƙwalwa ne. Ku mayar da shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, a sake dubawa, in sun ce a ɗauki hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, a ɗauka. In ya fara amai ko yawan barci ko shanyewar hannu, kada ku jira ranar ganin likita.

Game da maganar Baffa, ki gaya masa cikin ladabi cewa yarda da ƙaddara ba ta hana karɓar haƙƙi. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta babin nan. A mazhabar Malikiyya, raunin da ya bayyana ƙashin kai, wato mudiha, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya fasa ƙashin har ya gusa, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. In hankali ya gushe gaba ɗaya, diyya cikakkiya ce, raƙuma 100 ko dinari 1000, daidai da ta rai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idar da malamai suka kafa, cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga abin da ya bari. Yafiya alheri ce, amma haƙƙin na ƙaninki ne, ba na dangi ba, kuma mutumin da ke fama da mantuwa ba yanzu ya dace a sa shi ya yafe ba.

Tunda kamfani ne a ɗaya ɓangaren, ni Babbar Kotun Jihar Kaduna da ke zama a nan Zariya zan nufa idan sulhu ya gagara. Abin da za a tabbatar shi ne direban ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. In yana bakin aiki lokacin, kamfanin ma yana ɗaukar alhaki. Diyya iri biyu ce a kotu. Akwai ta kuɗin da aka kashe ko aka rasa, kamar magani, hoto, kuɗin mota zuwa Shika, gyaran mashin da abin da yake samu kullum. Wannan sai da shaida, don haka ko rasit ɗin kemis na naira 500 kada a yar. Sai kuma wadda alƙali ke kimantawa da kansa, ta raɗaɗi da nakasa da rayuwar da ta sauya. A raunin ƙwaƙwalwa wannan ta biyun kan fi nauyi, kuma rahoton likita ne ke riƙe ta. Ku nemi rahoton a rubuce, har da makin da aka ba shi na farkawa ranar da aka kawo shi, wanda likitoci ke aunawa daga 3 zuwa 15. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya manta da ranar da ya faɗi ko ya rikice.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye miki ba: in ba ya sanye da hular kwano, lauyansu zai ce shi ma da nasa laifin, kotu kuma na iya rage diyyar. Ragewa dai, ba hanawa ba.

Ku karɓi rahoton 'yan sanda, ku kuma nemi ganin takardar inshorar motar. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka buge, kuma kamfanin inshora yana so a sanar da shi da wuri. Shigar da ƙara ma yana da wa'adi. Ga wanda motar hukuma ta buge, wa'adin kan zama wata 3 kacal a ƙarƙashin dokar kare jami'an gwamnati. Wanda kuma ya ji rauni a wurin aikin albashi, hanyarsa ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta hannun NSITF, hukumar da ke biyan ma'aikata diyyar rauni.

In ba ku da kuɗin lauya, ku je Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Kaduna. In kuma likita ya tabbatar ƙaninki ba zai iya tsaya wa kansa ba, ke ko wani babba a gidan zai iya shigar da ƙarar a madadinsa. Kuɗin magani da suka kawo za ku iya karɓa, muddin an rubuta ƙarara cewa na magani ne kawai. Ita kuwa waccan takardar, ki ɗauki hotonta a waya ki kai wa lauya ya karanta kafin kowa ya taɓa biro.