Kifi ba ya saukowa daga gajimare: amsa ga wani masunci na yankin Mirriya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne daga wani ƙauye a yankin Mirriya, kuma ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu. Shekara uku ke nan kifin tabkinmu yana ja da baya. Karfasar da muka saba kamawa kamar tafin hannu, yanzu da ƙyar take kai yatsu uku. Bana da bazara, da ruwa ya janye ya koma gurbi ɗaya, samari suka shiga da sange suka tace shi, wasu kuma suka zuba magani da dare don su kwashe saura. Da na yi magana, dattawa suka ce in kwantar da hankalina, ai kifi ruwan sama ke sauko da shi, damina na faɗuwa tabki zai cika. Malam, hankalina bai kwanta ba, da wannan su nake ciyar da iyalina. Gaskiya ne kifin zai dawo da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya, kuma damuwarka tana kan hanya, don ruwa ba ya tsami banza. Kifin da za ku kama baɗi ƴaƴan wanda kuka bari bana ne, ko kuma wanda ruwan kori ya kwaso daga wani tabkin da ba a kashe ba. In ba waɗannan biyu ba, sai dai a kawo ƴaƴan kifi a mota a zuba muku.

Wannan magana ta cewa kifi daga sama yake zuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk bakin ruwan da aiki ya kai ni a jihar Damagaram, daga Gidimuni har Lassuri a ƙasar Magariya, sai na ji ta. Ba na zargin dattawa da ƙarya. Abin da suka gani da idonsu gaskiya ne: wuri ya bushe ƙayau har ƙasa ta tsattsage, an yi ruwan farko, bayan ƴan kwanaki ga kifi. Inda aka yi kuskure shi ne wajen bayanin daga inda ya fito.

Ka ɗauki tarwaɗa. A bayan kanta akwai wata tsoka mai rassa kamar ƙaramin itace, ka buɗe za ka gan ta, da ita take shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa daren da aka yi ruwa mai ƙarfi take fita daga gurbi, ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa da ƴan hanyoyin ruwa tana jan ciki da ƙayoyin gefenta, tana neman inda ruwa ya malale kan haki ta zuba ƙwai. Da safe manomi ya tarar da ita tsakiyar gonarsa, sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Uwa ɗaya mai nauyin kilo guda tana ɗauke da ƙwai dubun-dubata, kuma a ɗumin ruwanmu kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ya ishe su ƙyanƙyashewa. Gaiwa kuwa ba ta ma zuwa ko'ina. Ruwa na janyewa take nutsewa cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar ƴar kafa ta numfashi, ta yi watanni a nan. Na taɓa tsayawa kan masu haƙar ƙasar tubali a busasshen tabki, aka fasa wani dunƙule sai ga ta a naɗe, wutsiya ta rufe fuska, da ranta. Ko guguwar da wani lokaci ke tsotse ƴan ƙananan kifi ta watsar a tudu, ai daga wani ruwan ta ɗebo su.

To karfasa fa, wadda ita ce cinikinku? Ita ba ta tafiya a tudu, ba ta kwana a laka. Namiji ke share rami kamar akushi a yashin bakin ruwa, mace ta zuba ƙwai ƴan ɗaruruwa, in babba ce su haura dubu, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe wajen mako biyu ba ta cin komai. In gurbin nan na ƙarshe ya mutu, karfasa ta ƙare a tabkinku ko da za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin da samarinku suka tace da sange, suka bi da magani, shi ne rumbun iri. Wane manomi ne a ƙasar nan zai daka irinsa ya yi fura da bazara, ya ce gero zai fito da kansa?

Haɗarin wannan magana ke nan: ita ce ke ba mutum lasisin ɓarna. Wanda ya yarda sama ce ke kawo kifi ba ya ganin laifin kwashe komai, tunda a ganinsa ruwan ƙafewa zai yi. Daga nan sai masu yawo da kwalabe ranar kasuwa su sami ƙofa. Kwalba ba suna, ba rubutu, wai maganin kiran kifi. Ba kiran kifi yake ba, maganin ƙwarin gona ne ko piya-piya, kifin kuma yana tasowa ne don yana mutuwa. Wanda tsofaffin masunta suka sani da Gamalin, sinadarin da ke cikinsa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta sa shi cikin jerin abubuwan da za a kawar tun 2009, saboda yana daɗewa cikin ƙasa da ruwa kuma yana taruwa a kitsen mai rai. Dokar kamun kifi ta Nijar tun 1998 ta hana kama kifi da guba. Amma ko babu doka, ka duba wa ke shan ruwan nan: shanu da awaki, yara masu wanka, matan da ke ɗiba, da masu ban ruwan lambu. Kwaɗi su mutu, ƙwarin ruwan da ƴaƴan kifi ke ci su mutu, gaiwar da ke cikin laka ta mutu a makwancinta, zalɓe da balbela su ci mushe su bi sahu. Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa in an cire hanji aka yi banda guba ta fita. Ta cikin jini ta shiga tsoka, hayaƙi ba ya fitar da ita. In wani ya ci ya fara amai, yawu na zuba, gumi na keto masa, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar in an same ta. Nono da manja ba makarinta ba ne, lokaci kawai suke cinyewa.

Sange ma ba a bar shi a baya ba. Idonsa bai wuce milimita biyu ba, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba, ga shi an jiƙa shi da maganin sauro wanda guba ne mai ƙarfi ga kifi. Kuma kowane sangen da ke cikin tabki, akwai yaron da aka bar wa sauro a ɗaki.

Zancen ƙanƙancewar karfasa, ga gwajin da za ka yi gobe da safe. Ka ɗauki goma daga masu yatsu ukun nan, ka buɗe bakinsu da cikinsu. In ka ga ƙwai rawaya, to ba ƴaƴa ba ne, manya ne da suka tsumbure. Haka karfasa take yi in ana kwashe manyanta kowace shekara, ruwa kuma ya yi ƙaranci: sai ta fara haihuwa tana ƙarama, girma ya tsaya. Nan kuma zancen wurin zama ya shigo. Ruwan da muke samu a Damagaram wajen milimita 400 ne a shekara, rana da iska kuwa suna iya shanye fiye da mita biyu daga buɗaɗɗen ruwa. Saboda haka zurfi shi ne rayuwar tabki. Duk itacen da aka sare a bakin kori, duk gonar da aka nome har bakin ruwa, yashi ne ake turawa cikin gurbin nan. Inda ruwa ya zama faƙo kacalla ke mamayewa, wanda ya san Gidimuni ya san yadda take cin ruwa. Tabkin Gidimuni ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2019, na Lassuri tun 2005, amma suna a takarda ba ya tare yashi, sai an dasa itace an haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a saman kori.

Na san wani zai ce a jira masu aikin raya karkara su kawo ƴaƴan kifi. Zuba kifi yana da amfani, na ga inda ya yi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a zo da motoci, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a juye kifi cikin ruwan da ba wanda ya auna zurfinsa, a tafi ba a sake waiwayowa ba, bayan wata biyu a bi su da sange. Allah ya faɗa a Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Hannayen nan namu ne, Malam, kuma tabkin amana ne da muka tarar iyayenmu sun riƙe ba da guba ba.

Kada ka yi jayayya da dattawa a bainar jama'a. Ka sami sarkin ruwa da mai gari da liman a keɓe, ka tafi da karfasa mai ƙwai a baki su gani da idonsu. Ku roƙi a haramta gurbin nan mai zurfi gaba ɗaya, a kafa sanduna a zagaye shi, a rufe kamun kifi daga ruwan farko har ƙarshen Satumba, kuma kowace raga a gwada ta: in yatsu uku ba su shige idonta ba, kada ta taɓa ruwa. Ku sanar da ma'aikatan gandun daji da magajin gari abin da kuka yanke don ya sami ƙarfi. Tunda kai ke da littafi, kowace Juma'a ka auna tsawon kifi ashirin daga kamun ranar, ka kafa gora mai zane a gurbin kana rubuta inda ruwa ya tsaya. Watan Afrilu da Mayu ka riƙa zuwa da asuba, ka duba ko karfasa na tasowa tana haki a saman ruwa, ka rubuta ranar. Bayan damina ka aiko mini da abin da ka tara, da shi za mu gane ko sauran iri ya tsira ko sai an nemo daga wani tabkin.