Madarar almon da dabino: shin ta shiga hanin haɗa jiƙo biyu?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, maigidana nonon shanu na ɓata masa ciki, shi ya sa nake yi masa madarar almon a gida. Nakan jiƙa almon ya kwana, da safe in markaɗa da dabino in tace. Sai wata malamar islamiyyarmu ta ce Annabi ya hana haɗa dabino da wani abu a jiƙo. Kuma wani lokacin takan yi tsami idan ba wuta. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Da sunan Allah. 'Yar'uwa, madararki halal ce, ki ci gaba da yi wa maigidanki. Amma malamar ba daga kanta ta faɗa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Annabi (SAW) ya hana a haɗa dabino da zabibi a jiƙo guda, haka busasshen dabino da wanda bai gama nuna ba, ya ce a jiƙa kowanne daban. Ibn Abi Zaid ma ya kawo hanin a Risala, har ya ce ya shafi haɗawa lokacin jiƙo da lokacin sha.

To me ya sa aka hana? Imam Nawawi ya bayyana cewa idan an haɗa su maye na saurin shiga jiƙon tun ɗanɗanonsa bai sauya ba, sai mutum ya sha yana zaton lafiya lau ne. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, Abu Hanifa kuwa bai ga laifi ba muddin abin ba ya bugarwa. Ke nan magana ce a kan abubuwa biyu masu zaƙi waɗanda kowannensu, idan aka bar shi a ruwa, zai iya komawa giya. Almon ba haka yake ba. Mai ne ya fi yawa a cikinsa, sikarinsa kaɗan ne, kuma ke ma shi kaɗai kike jiƙawa, ki zubar da ruwan, sai wajen markaɗe dabinon ke shiga. A fahimtata hanin bai hau kanki ba. Abin da zan ce ki bari shi ne zuba dabino da zabibi tare.

Batun tsami shi ya fi damuna. Tsami kaɗai ba ya haramta abu, ga kindirmo nan muna sha. Ma'aunin shi ne maye, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Jabir. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) jiƙo ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bai wa hadimi ko a zubar. Kada ki riƙe kwana 3 ɗin nan ki manta da zafinmu. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, abin da aka sa wa dabino ba ya kai haka. Duk mai yin kunun aya ta san yadda na safe ke juyawa kafin magariba. Idan kin ga gorar ta kumbura, kin murɗa murfi ta yi tsit, kumfa na tasowa daga ƙasa, ƙamshin ya koma wani iri, ki zubar, kada ki bai wa ko yara. Ko ba ta kai ga maye ba ta lalace, kuma shari'a ta hana cutar da kai.

Mafi sauƙi, ki tace madarar zalla ki sa a firij, takan kai kwana 3 zuwa 4 idan sanyin bai yanke ba. Dabinon kuma ki markaɗa shi a kan kofin da za a sha a lokacin. Ranar da ba wuta, ki yi daidai ta yini guda.

Allah ne mafi sani.