Ga ɗan'uwan da ya ce taici ya ba shi kunya a gaban ɗan boksin

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka kusa shekara biyu kana koyon taici, wasan faɗan nan na ƙasar Sin mai motsi a hankali, sai kuka gwada da wani abokinka mai wasan boksin, da ya kawo naushin farko ka runtse ido, ƙafafunka suka sandare, duk abin da ka koya ya gudu. Kana tambaya ko ka haƙura da taici ɗin, ko kuwa ka riƙa shiga gwajin faɗa da ƙarfi har jikinka ya saba.

Kar ka daina, kuma kar ka kai kanka inda za a riƙa jibgarka. Na daɗe a wannan harka, kuma abin da ya same ka na gan shi a wurin kusan duk wanda ya fara da jerin motsin nan na a hankali. Jerin yana koya maka tsayuwa, da juya ƙugu, da sakin kafaɗa, da yadda nauyi ke tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan. Amma babu tazara a cikinsa, babu mutumin da ke yaudararka, babu tsoro. Abokinka kuwa kullum da waɗannan yake atisaye, shi ya sa ya fi ka.

Asalin taici na faɗa ne. A ƙauyen dangin Chen ya taso, a lardin Henan na ƙasar Sin, kuma Yang Luchan, wanda ya koyo a can ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, da gwabzawa ya yi suna. Jikansa Yang Chengfu ne ya yaɗa salon nan mai faɗi da laushi. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta fitar da gajeren jeri mai motsi 24 domin lafiyar jama'a, kuma ina kyautata zaton shi ka koya, domin shi ya cika bidiyo. Yana da amfani ƙwarai ga gwiwa da numfashi da tsofaffi, amma ba a tsara shi don tarar naushi ba. A 2017 a birnin Chengdu, Xu Xiaodong mai wasan MMA, wato faɗan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa, ya kayar da wani malamin taici, Wei Lei, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mutane suka ce taici ƙarya ne. Ni abin da na gani a bidiyon shi ne mutumin da bai saba ganin dunƙulallen hannu ya nufo fuskarsa ba.

Ga hanyar da na ga tana aiki. Ka fara da ture-turen hannu, wanda Sinawa ke kira tui shou: ku biyu hannuwanku na haɗe, kowa na neman ya ji inda nauyin ɗan'uwansa yake ya ture shi daga tsayuwarsa. Ku fara ƙafa a kafe, daga baya ku riƙa taku. A nan ne za ka gane cewa da yawa daga motsin da ka haddace kayarwa ne da murɗe hannu. Ɗan kokawa zai riga ɗan dambe gane taici, domin aikinsa yana farawa ne bayan jiki ya haɗu da jiki.

To amma kafin jiki ya haɗu akwai filin da naushi ke mulki, kuma nan ne aka kama ka. Ka roƙi abokin nan naka ya sa safar boksin mai kauri, kai ka sa robar kare haƙori. Ya riƙa kawo naushi ɗaya tak, na hannun gaba, a hankali kamar mai miƙo maka kaya, amma ya nufi fuskarka da gaske, kar ya tsaya a iska. Kai ba ka ramawa. Aikinka ka bar ido a buɗe, ka kauce ko ka kare, ka fitar da numfashi. Ka kalli ƙirjinsa da kafaɗarsa, ka daina bin hannun da ido, domin kafaɗa ce ke fara motsi. Runtse ido halitta ce, ba rashin zuciya ba ne, kuma maimaici ne kaɗai ke rage shi. In ka ga kana iya numfashi daidai, ya ƙara sauri kaɗan. In ka fara riƙe numfashi, ku koma baya. Bayan makonni sai ka ƙara abu ɗaya: ka kauce, ka shiga ciki, ka manne da hannunsa. Daga nan ture-turen da ka koya zai fara magana. Sannan ka ɗaga hannuwanka. A cikin jeri sau da yawa suna sauka ƙasa, a gwaji kuwa haɓarka ce za ta biya.

Maganar zuciya ta fi damuna, domin a nan na ga matasa da yawa sun lalace. Wanda ya shiga gwaji don ya ci nasara, dabara biyu ko uku da ya riga ya iya zai yi ta maimaitawa, jikinsa a ɗaure, ya fita bai ƙaru da komai ba. Cheng Man-ching, malamin taici da ya koyar a Taiwan da New York, ya riƙa nanata wa ɗalibansa su yarda a ture su, su ɗauki faɗuwar a matsayin jari. Ban ɗauki wannan a matsayin kasala ba. Kafin kowane zagaye ka zaɓi abu guda da kake son gwadawa, ko da za a taɓa ka sau goma a kansa. In an taɓa ka, ka lura da ina ƙafarka take a lokacin. Kuma ka zaɓi abokin gwaji da kyau. Wanda in ka taɓa shi sai ya harzuƙa ya ninka ƙarfi, ka rabu da shi ko da gwani ne.

Kanka kuma ka kiyaye shi. In aka buge ka ka ji jiri, ko amai, ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, ka tsaya ranar, ka ga likita, kar ka koma sai ya ba ka izini. Jure wannan ba jarumta ba ce.

In a garinku akwai wurin judo ko boksin mai malami na ƙwarai, ka riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, ka ci gaba da taicinka da safe. A Sin ma masu son gwabzawa da gaske wani damben Sin mai suna sanda, mai naushi da shuri da kayarwa, suke haɗawa da shi. Ka gaya mana wane salo kake yi, da malami kake koyo ko ta bidiyo, sai in faɗa maka motsin da ya kamata ka fara gwadawa da abokin naka. Allah Ya taimaka.